Garin neman gira: yadda RAID ke mutuwa a hannun mai ceto

A bazarar bara, cikin zafin Afrilu da ko iskar fanka ƙuna take yi, ƙanen wani abokina da ke kula da kwamfutocin wani ofis a wajen Ƙofar Ƙaura ya kira ni a kan sabarsu, wato babbar kwamfutar da ke riƙe bayanan ofishin, bayan la'asar. Daga jin muryarsa na san babu lafiya. "Yaya, don Allah kana cikin gari? Sabar ta ƙi tashi. Ta rubuto Foreign, ta ba ni zaɓi biyu, Import da Clear. In danna Clear ɗin ne ta share matsalar?" Na ce masa ya ɗauke hannunsa daga kan kibod, ya sa a aljihu, ya jira ni. Da ya danna, ba matsalar zai share ba. Zai share shaidar da ke nuna yadda faifai huɗu suka haɗu suka zama rumbu ɗaya, kuma a cikin rumbun nan akwai lissafin albashi da takardun shekara da shekaru.

Wannan haɗa faifai da yawa su zama rumbu ɗaya shi ake kira RAID. Mutuwar faifai guda ba ita ke kashe RAID ba, ai don ita aka ƙirƙiro shi. Abin da na fi gani yana kashe shi a nan wajenmu shi ne yadda aka haɗa kayan tun farko, da kuma hannun da ya yi saurin taɓawa bayan an shiga ruɗani. Sau da yawa a lokacin da saba ta ƙi tashi, bayanan suna nan cif a kan faifan, ko harafi ɗaya bai ɓata ba. Rubutun farko da aka yi a kansu da sunan gyara shi ke yin ɓarnar.

Sunan RAID ya fito ne daga wata maƙala da David Patterson da Garth Gibson da Randy Katz na Jami'ar Kalifoniya ta Berkeley suka gabatar a 1988. Tunaninsu shi ne a haɗa ƙananan faifai masu araha su yi aikin babba mai tsada, tare da dabarar da za ta sa ko ɗaya ya faɗi ba a yi asara ba. RAID 1 faifai biyu ne masu abu iri ɗaya, kamar mutum da inuwarsa. RAID 0 sauri kawai yake bayarwa, ba ya kare komai, ɗaya ya tafi duka sun tafi. Wanda aka fi samu a ofisoshinmu shi ne RAID 5, saboda ya fi barin wurin ajiya mai yawa: faifai uku ko fiye, kuma yana jure rashin guda ɗaya tak. RAID 6 yana buƙatar aƙalla huɗu, yana jure rashin biyu.

Dabarar RAID 5 irin lissafin 'yan hatsi ce. Mutum uku sun kawo gero, ɗaya tiya 7, ɗaya tiya 5, ɗaya tiya 9, sai na huɗu ya rubuta jimla 21. In takardar mai tiya 5 ta ɓace, an cire 7 da 9 daga 21, an gano nasa. In ta mutum biyu ta ɓace, shi ke nan, jimlar ba ta da amfani. Kwamfuta ba tarawa take yi ba, wani lissafi ne da ake kira XOR, amma hikimar ɗaya ce. Bambancin kawai, ba faifai ɗaya ne ke riƙe jimlar kullum ba, aikin yana zagayawa a tsakaninsu kamar kwasar adashe.

To a nan ne wahalar take. Kowane fayil ana yanka shi ƙanana-ƙanana a rarraba a kan faifan. Kafin a sake haɗa shi sai an san wane faifai ne na farko, wane ne na biyu, girman kowace yanka nawa ne, ta wane ɓangare jimlar ke zagayawa, kuma daga ina ainihin bayanan suka fara a jikin faifan. Wanda ya taɓa ganin littafin hannu na malaman zaure ya san ba ɗinke shi ake yi ba, falle-falle ne a cikin gafaka. In iska ta watsa su, abin da ke ceton malam shi ne kalmar da marubuci ya ajiye a ƙasan shafi, wadda da ita falle na gaba zai fara. Haka kowane faifan RAID yake ɗauke da ɗan tambari da ke cewa ni ne na kaza a cikin rukuni kaza. Katunan sarrafa faifai na saba galibi a ƙarshen faifai suke ajiye wannan tambarin. Manhajar mdadm da ke haɗa RAID a Linux kuwa, a tsarinta na 1.2 da aka fi amfani da shi yanzu, tana ajiye shi kilobait 4 daga farkon faifai, tsofaffin tsarinta na 0.90 da 1.0 a ƙarshe.

Idan katin Dell PERC ko wani daga dangin LSI MegaRAID ya rubuto Foreign, cewa yake ya ga tambari a jikin faifai wanda bai yi daidai da abin da yake riƙe da shi a ƙwaƙwalwarsa ba. Hakan na faruwa in an canza kati, ko an kwaso faifai daga wata saba, ko faifai ya ɓace masa na ɗan lokaci ya dawo. Import na nufin ya karɓi abin da ke jikin faifan, Clear na nufin ya goge tambarin. Mutane na ganin kalmar Clear su ɗauka irin share saƙon kuskure ne a waya. Amma shi ma Import ɗin ba a danna shi da ka, zan dawo kan dalili.

Tambayar da ya kamata a fara yi, wadda kusan ba a yi, ita ce: me ya sa aka kori faifan? Katin ya rubuta Failed, ƙaramar fitila ta koma ruwan ɗorawa, sai kowa ya yanke hukuncin faifai ya mutu. Alhali katin bai san mutuwa ba. Abin da ya sani shi ne ya yi magana ba a amsa masa ba. Rashin amsar nan na iya zama daga waya, daga wuta, ko daga halin faifan kansa.

Batun waya shi ya fi sauƙin ganewa. Kowane faifai yana da littafin lafiyarsa da ake kira SMART, ana karanta shi da manhajar smartctl. A faifan SATA, wato irin na yau da kullum, lamba 5 tana ƙirga guraben ajiya da suka lalace aka musanya su, lamba 197 tana ƙirga waɗanda aka kasa karantawa ana jiran hukunci a kansu. Waɗannan biyun ciwon faifai ne. Amma lamba 199 tana ƙirga saƙonnin da suka gurɓace a hanya tsakanin faifai da kati. In ka ga 199 na hawa alhali 5 da 197 suna sifili, ka bar faifan nan, ka duba waya da allon da faifan ke tsirawa a baya. Ƙurar hunturu da ke shiga ko'ina a Katsina, da zafin da ke sa ƙarfe ya buɗe ya tsuke, da jijjigar janareto in an ajiye saba kusa da shi, duk suna sassauta mahaɗa. Wanda bai duba wannan ba zai tura Kano a sayo sabon faifai, ya sa a rami ɗaya, a waya ɗaya, sake ginin, wato lissafo bayanan tsohon faifan a rubuta a sabon, ya yi nisa ya sake yankewa, sai ya ce an sayar masa da jabu. Akwai kuma wayoyin nan masu kai ɗaya da rassa huɗu: iri biyu ne, ɗaya daga kati zuwa faifai, ɗaya daga madabod zuwa allon baya. A ido ba ka bambance su, amma in ka sa wadda ba ita ba, ko faifai ɗaya ba zai bayyana ba.

Wutar lantarki kuma kowa ya san halin da ake ciki. Babban faifai mai inci 3.5 yana jan kusan amfiya 2 a layin bolt 12 a daidai lokacin da zai fara juyawa, ya ninka abin da yake ci in ya daidaita. Faifai shida ko takwas su tashi lokaci guda a kan fawa-fak, wato akwatin raba wuta na na'urar, da ya tsufa, sai ɗaya ya makara, katin ya ƙirga bai gan shi ba ya sa masa alama. Shi ya sa katuna ke da saitin tayar da faifai ɗaya bayan ɗaya, wanda da yawa ba su san da shi ba. Ƙiftawar da ake samu wajen sauyawa daga wutar gari zuwa janareto ma ta isa, in batirin UPS ya riga ya mutu ana ganin kamar yana aiki. Wani abin ban haushi: wasu sababbin faifan SATA na saba suna ɗaukar wutar bolt 3.3 a fil na uku na mahaɗar wuta a matsayin umarnin su kashe kansu. In tsohon fawa-fak yana tura wuta ta wannan fil ɗin, sabon faifai dal ba zai ko motsa ba.

Wanda ya fi cin mutane, kuma ya fi wuyar ganewa, shi ne amfani da faifan kwamfutar tebur a cikin saba. Kuɗinsa ya fi sauƙi, girmansa ɗaya, yana shiga ramin daidai, yana aiki wata da watanni lafiya lau. Bambancin yana fitowa ne ranar da ya ci karo da gurbin da ya ƙi karantuwa. Faifan tebur an yi shi ne da tunanin shi kaɗai ne, babu wani kwafi a ko'ina, saboda haka zai nace, ya sake gwadawa, ya sake, har ya haura minti guda bai ce uffan ba. Faifan saba kuwa an koya masa ya haƙura bayan kamar daƙiƙa 7 ya ce na kasa, domin ya san katin zai lissafo abin daga 'yan uwansa ya sake rubuta masa. Kamfanin Western Digital na kiran wannan hali TLER, Seagate na kiransa ERC. Linux kan jira faifai daƙiƙa 30 ne in ba a canza ba, katunan saba kuma ba su kai haka haƙuri ba. Ka ga ke nan gurbi ɗaya tak, wanda bai fi bait 512 ko 4096 ba, ya sa an kori faifai sukutum mai terabait huɗu. In wannan ta faru ana tsakiyar sake gini, lokacin da dama ɗaya ya riga ya fita, RAID 5 ya faɗi. A Linux ana iya tambayar faifai da smartctl ko yana karɓar wannan iyakar, a sa masa daƙiƙa 7. In ba ya karɓa, sai a ɗaga lokacin jiran Linux zuwa daƙiƙa 180. Duka biyun sukan koma yadda suke in an kashe na'ura, don haka sai an sa su cikin abin da ke gudana duk tashi.

A 2020 aka yi ta ce-ce-ku-ce bayan ta bayyana cewa wasu faifan WD Red masu terabait 2 zuwa 6, waɗanda aka yi don akwatunan ajiya, suna amfani da salon rubutu na SMR ba tare da an faɗa a fili ba. A wannan salon layukan rubutu suna hawa kan juna kamar jerin kwanon rufi, gyara ɗaya sai an taɓa na kusa da shi. Sake gini kuwa rubutu ne ba tsayawa na sa'o'i, sai faifan ya cushe ya yi jinkirin amsawa. Daga baya kamfanin ya ware masu salon CMR, wanda layukansa ba sa hawa kan juna, ya sa musu suna Red Plus. Darasin mai saye shi ne ya duba cikakkiyar lambar samfurin, kada ya tsaya ga launin takardar jiki.

Sai batun girma. Faifan terabait 2 na yau da kullum yana da gurabe 3,907,029,168. In wanda aka kawo ya gaza da gurbi ɗaya, ba zai karɓu ba. Yana iya gazawa ba don masana'anta ba: wasu madabod na kwamfutar tebur kan yanki ɗan wuri a ƙarshen faifai su ɓoye don ajiyar kansu, abin da ake kira HPA. Ka tuna a ƙarshen faifai katin saba ke ajiye tambarinsa. Ke nan wanda ya ciro faifan RAID ya tsira a irin wannan kwamfutar don ya duba lafiyarsa, yana iya mayar da shi katin ya ce bai san shi ba. Akwatunan USB ma wasunsu kan nuna faifai mai gurbin bait 512 a matsayin mai 4096, duk lissafin wurare ya rikice. Tsofaffin katuna irin PERC 6 ba sa ganin abin da ya haura terabait 2 a faifai guda. Faifan SATA yana aiki a katin SAS, wato irin mahaɗar faifan saba, amma na SAS ba ya aiki a mahaɗar SATA. Duk waɗannan suna yawa a wajenmu saboda yawancin sabobinmu gwanjo ne, kati daga nan, faifai daga can.

Akwai batura biyu ƙanana da ba a kula da su. Na farko shi ne mai kama da kwabo, CR2032, da ke riƙe saitin BIOS. Ranar da ya ƙare, saitin ya koma na masana'anta, kuma a injinan da ke yin RAID ta madabod, yanayin SATA na iya komawa AHCI, inda kowane faifai ke zaman kansa, daga RAID. Windows ya ƙi tashi, ko ya tashi ya ga faifan a warwatse ya yi tayin ya shirya su ko ya yi musu fomat. Maganin batirin 'yan kuɗi kaɗan ne da mayar da saiti ɗaya. Wanda ya amsa tayin Windows kuwa ya ja wa kansa aikin kwanaki.

Na biyu yana jikin katin RAID. Katin kan karɓi rubutu ya riƙe a ƙwaƙwalwarsa, ya ce wa kwamfuta an gama, sannan ya sauke a faifai daga baya. Batirin ne ke tsare wannan alkawari in wuta ta ɗauke. Zafi na cin irin wannan batir da wuri, kuma ɗakin saba da ba na'urar sanyaya ɗaki a watan Afrilu ko Mayu ba wurin zamansa ba ne. In ya mutu katin da kansa yakan daina riƙon, saba ta yi nauyi, ma'aikata su fara ƙorafi. Sai wani mai wayo ya shiga saiti ya tilasta masa ci gaba da riƙon ko babu batir. Sauri ya dawo, kowa ya yaba. Daga ranar, duk ɗaukewar wuta na iya barin wurin da aka rubuta bayanai ba a gyara jimlarsu ba. Ba wanda zai sani, sai ranar da aka dogara da jimlar don sake gina faifai, ta lissafo shirme. Ni a ganina wannan saitin bai kamata a taɓa shi ba a garin da wuta ba ta da tabbas.

Kuskuren hannu kuma, mafi yawa shi ne zare faifan da ba shi ba. Dell daga 0 yake fara ƙirga ramuka, HP daga 1. Katin ya ce faifai na 2, yaro ya ƙirga da yatsa ya zare na biyu, ashe na uku ake nufi. Sunayen sda da sdb na Linux ma suna iya sauyawa daga tashi zuwa tashi. Lambar siriyal ce kaɗai ba ta canzawa.

Ko da komai daidai ne, sake gini aiki ne mai nauyi. RAID 5 mai faifai huɗu na terabait 4 sai ya karanta terabait 12 kaf daga ukun da suka rage, kuma ko ana gudun megabait 150 a daƙiƙa sai an haura sa'a bakwai, in ba kowa ke amfani da sabar ba ke nan. Takardun faifan tebur da yawa suna cewa ana iya samun kuskuren karatu ɗaya a cikin bit 1 mai sifili 14, wato kimanin terabait 12.5. Wannan iyaka ce ta masana'anta, a aikace faifai kan fi haka kyau, amma ya isa ya nuna cewa mai faifai manya ya fi dacewa da RAID 6 ko RAID 10, wato haɗin RAID 1 da RAID 0. Kuma faifan da aka saya rana ɗaya, suka sha zafi ɗaya, tare suke tsufa.

Da na isa ofishin, abin da muka fara yi shi ne ɗaukar hoton allon da waya. Muka kashe sabar, muka manna wa kowane faifai takarda da lambar raminsa da siriyal ɗinsa. Littafin tarihin katin ya nuna abin da yaron bai sani ba: faifai guda ya fita tun makonni da suka wuce, an kashe ƙarar gargaɗi saboda tana damun mutane, sabar tana ta tafiya da ƙafa uku. A ranar ne na biyu ya fita. Wannan shi ne dalilin da ya sa na ce Import ma sai da lura. Faifan da ya fita tun tuni abin da ke kansa tsohon zance ne, in aka cusa shi cikin rukuni aka bar wanda ya fita yau, fayiloli za su buɗe rabi sabo rabi tsoho. A mdadm akwai wata lamba mai suna Events a tambarin kowane faifai, wanda tasa ta fi ƙanƙanta shi ya fara fita.

SMART ya raba gardama. Wanda ya fara fita lafiyarsa ƙalau, lamba 199 ce ta yi sama, mahaɗar raminsa ce ta saki. Na biyun faifan tebur ne da wani ya taɓa sakawa a madadin na asali, yana da 'yan gurabe a lamba 197. Manajan ofishin ya leƙo ya ce, "Injiniya, ba za a tayar mana da ita ba ko zuwa gobe ne? Albashi fa muke son turawa." Na ce, "Ranka ya daɗe, in muka tayar da ita a haka, mai yiwuwa ta tashi, mai yiwuwa kuma tashin ƙarshe ke nan. A ba mu kwana biyu da faifai uku." Bai ji daɗi ba, amma ya sa hannu.

Muka kwafe faifai ukun da suka fi sabon bayani, gurbi da gurbi, da ddrescue, wadda ke fara kwashe wuraren da ke da lafiya kafin ta koma kan masu ciwo, kuma tana ajiye taswirar inda ta tsaya ko da wuta ta yanke. A wata kwamfutar Linux muka yi, ta mahaɗar SATA kai tsaye, a kan inbata. Na asalin muka ajiye gefe ba mu ƙara taɓa su ba. Tunda mdadm yakan iya karanta tambarin DDF da irin waɗannan katuna ke rubutawa, muka haɗa kwafin uku a yanayin karatu kawai. Na hana yaron umarnin create na mdadm da ya gani a intanet, domin wannan sabon tambari yake rubutawa da saitin yau, kuma saitin ya sauya: da girman yanka kilobait 64 ne, yanzu 512. Haka ma chkdsk da fsck, manhajojin gyaran tsarin fayiloli, ba a sake su a kan rukunin da ba a tabbatar da jerinsa ba. Gwajin da muka yi shi ne buɗe manyan fayiloli, bidiyo da taskar lissafi, domin ƙaramin fayil na iya zama cikin yanka ɗaya ya buɗe lafiya ko da jerin ba daidai ba ne.

Fayil biyu ne suka samu tabo, duka tsofaffin hotunan takardu da ke da kwafi a kabad. Sauran muka kwashe zuwa wani faifai daban, aka tura albashi a rana ta uku. Da muka zo sake haɗa sabar, yaron ya tambaye ni ko a mayar da faifan tebur ɗin tunda har yanzu yana juyawa. Yana nan a durowar ofishin da jan rubutu a bayansa, an gyara mahaɗar ramin, kuma ƙarar gargaɗin a kunne take.